Charity Navigator a Lokacin Bala'i: Abin da Yake Iya Tantancewa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Duk lokacin da girgizar ƙasa ko ambaliyar ruwa ko mahaukaciyar guguwa ta afka wa wani yanki na duniya, kiraye-kirayen neman taimako iri biyu ne kan taso kusan a tare, na gaskiya da na ƙarya, kuma sau da yawa na ƙaryar ne ke riga isa wayar mutum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar agaji ta gaskiya sai ta tantance ɓarnar da aka yi, ta tuntuɓi ma'aikatanta, ta san nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta yi shela, alhali ɗan damfara ba ya bukatar komai illa hoto mai sosa zuciya da lambar asusu. Bayan guguwar Katrina da ta afka wa kudancin Amurka a 2005, zambar da aka yi da sunan agaji ta yi yawan da sai da ma'aikatar shari'a ta ƙasar ta kafa cibiya ta musamman a birnin Baton Rouge domin karɓar ƙorafe-ƙorafen damfarar da ke biyo bayan bala'i, kuma cibiyar ba ta rasa aikin yi ba tun daga lokacin.

Charity Navigator yana daga cikin shafukan intanet da aka fi nuna wa mai son bayar da gudummawa a irin wannan hali, da nufin ya duba ƙungiya kafin ya saki kuɗinsa. Hukuncina a kansa shi ne cewa yana amsa tambaya ɗaya da kyau ƙwarai, wato ko ƙungiyar da ake magana a kanta tana nan da gaske kuma tana riƙe lissafinta yadda ya kamata, amma ba ya amsa tambayar da ta fi damun mai bayarwa a makon da bala'i ya auku, wato ko wannan ƙungiya za ta iya yin aiki mai amfani a wannan wuri a wannan lokaci. Wanda ya fahimci wannan iyaka zai ci moriyarsa sosai. Wanda ya ɗauki taurarinsa a matsayin fatawa kuwa zai iya tura kuɗinsa inda ba za su yi wa kowa amfani da wuri ba, ko da ba a sace su ba.

An kafa shi a 2001 a jihar New Jersey ta Amurka, bisa jagorancin wani ɗan kasuwa mai suna Pat Dugan da matarsa Marion, kuma shi ma kansa ƙungiya ce da ba ta neman riba. Ba a biyan ko kwabo kafin a yi bincike a cikinsa, ba ya kuma karɓar kuɗi daga ƙungiyoyin da yake aunawa domin ya auna su, wanda wannan shi ne ginshiƙin amincin da ake ba shi. Mafi yawan bayanansa daga fom mai lamba 990 yake ɗebo su, wato rahoton shekara-shekara da ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji ke miƙa wa hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, inda suke bayyana abin da ya shigo, abin da aka kashe, albashin manyan jami'ai da sunayen 'yan kwamitin amintattu. Ƙungiyoyin da ya ba maki sun haura 200,000, yana kuma bayar da taurari daga sifili zuwa huɗu, inda taurari huɗu ke nufin maki 90 zuwa sama cikin 100.

Abin da ya fi amfani a shafin, a ganina, ba taurarin ba ne. Akwatin bincike ne da abubuwa uku da ke fitowa a ƙarƙashin sunan kowace ƙungiya: cikakken sunanta na rajista, lambar shaidarta ta haraji mai alƙaluma tara da ake kira EIN, da adireshin shafinta na asali. Babbar dabarar 'yan damfarar agaji ita ce aron suna. Sukan ɗauki sunan ƙungiyar da kowa ya sani su sauya kalma ɗaya, ko su ƙara sunan gari, ko su buɗe shafi mai adireshin da harafi ɗaya kacal ya bambanta shi da na gaskiya, sa'an nan su kwafi tambari da launi da hotuna. Ido mai gaggawa ba ya kama irin wannan bambanci, amma lamba tana kama shi, domin ƙungiyoyi biyu ba sa tarayya a EIN ɗaya. Idan saƙo ya iso ta waya ko ta imel yana neman taimako, hanya mafi aminci ita ce a bar adireshin da ke cikin saƙon ba tare da an taɓa shi ba, a rubuta sunan ƙungiyar a Charity Navigator, a kwatanta lambar, sa'an nan a shiga shafin ƙungiyar ta adireshin da aka gani a can. Wannan aiki ne na 'yan mintuna, kuma shi kaɗai yana toshe ƙofar da mafi yawan zamba ke shigowa ta cikinta.

Bayan babban bala'i, shafin kan fitar da jerin ƙungiyoyi masu maki mai kyau da suka bayyana cewa suna aiki a wurin. Jerin yana da amfani ga wanda bai san ko suna ɗaya ba, domin yana rage masa zaɓi daga dubbai zuwa 'yan kaɗan. Akwai kuma gargaɗin da shafin ke liƙawa a kan ƙungiyar da aka ruwaito tana fuskantar bincike ko shari'a ko zargin almundahana. Wannan sashe ya cancanci yabo, ko da yake dole ne gargaɗin ya biyo bayan labari, ba ya riga shi.

Yadda ake haɗa makin ya sauya a 'yan shekarun nan. A 2020 aka ɓullo da sabon tsari mai ɓangarori huɗu: lissafin kuɗi da riƙon amana, tasirin aiki da yadda ake auna shi, shugabanci da iya daidaita aiki idan al'amura suka sauya, da kuma yadda ƙungiya ke sauraren mutanen da take yi wa hidima. A shekarar ce kuma Charity Navigator ya haɗiye wata ƙaramar ƙungiya mai suna ImpactMatters, wadda aikinta shi ne ƙiyasta abin da kowace dala ke samarwa, misali nawa ake kashewa kafin a ciyar da mutum ɗaya ko a kwanar da shi dare ɗaya a mafaka. Ɓangaren lissafi shi ne mafi ƙarfi, domin tambayoyinsa masu amsa ce ƙarara: ko yawancin 'yan kwamitin amintattu mutane ne masu zaman kansu da ba sa cin albashi a ƙungiyar, ko wani mai binciken kuɗi daga waje ya duba littattafanta, ko tana ba jami'anta rance, ko tana da ƙa'idar kare mai fallasa ɓarna, ko an taɓa karkatar da dukiyarta. Ƙungiyar da mutum da matarsa da ƙaninsa ne kaɗai 'yan kwamitinta ba za ta ji daɗin waɗannan tambayoyi ba, kuma haka ya dace.

Sai dai ba kowace ƙungiya ce aka auna ta ta dukkan ɓangarorin huɗu ba. Da yawa makinsu gaba ɗaya daga ɓangaren lissafi ya fito, sauran gurabun kuma babu komai a cikinsu, amma taurarin da ke saman shafi ba sa nuna wannan bambanci ga wanda bai gangara ƙasa ya karanta ba. Ƙungiyoyi biyu za su iya samun taurari huɗu-huɗu alhali ɗaya an duba sakamakon aikinta, ɗayar kuma takardunta kawai aka duba. Bugu da ƙari, wani kaso na bayanan shugabanci da sauraren jama'a ƙungiyoyin ne da kansu ke cikewa su aiko. Ba laifi ba ne a tambayi mutum game da kansa, amma amsarsa ba ta kai matsayin shaida ba, kuma da an fito da wannan bambanci fili kusa da taurarin da ya fi wa mai karatu adalci.

Akwai batun da ya daɗe yana bin wannan shafi, wato kason kuɗin da ke tafiya ga ainihin aikin agaji idan aka kwatanta da wanda ke tafiya ga gudanarwa da neman gudummawa. Shekaru da dama wannan kaso ne mutane suka fi kallo, har aka wayi gari ana ɗaukar ƙungiyar da ta fi ƙarancin kuɗin ofis a matsayin wadda ta fi gaskiya. A 2013 shugabannin Charity Navigator da na wasu cibiyoyi biyu masu tattara bayanai kan ƙungiyoyin agaji, GuideStar da BBB Wise Giving Alliance, suka sa hannu a kan buɗaɗɗiyar wasiƙa ɗaya suna roƙon masu bayarwa su daina auna ƙungiya da wannan ma'auni shi kaɗai, abin da ke nuna cewa su kansu sun ga illar da ya haifar. A aikin bala'i illar ta fi fitowa fili. Rumbun ajiya da aka cika tun kafin damina, direbobin da suka san hanya, akawun da ke bin diddigin kowace takardar biya, injiniyan da zai gyara famfon gari, duk kuɗi suke ci a watannin da babu wani bala'i, kuma su ne ke sa kaya su isa a rana ta biyu maimakon mako na uku. Ƙungiyar da ke alfahari da cewa kowace dala tana isa hannun mabukaci kai tsaye ta cancanci a tambaye ta wane ne ke biyan kuɗin man motar da ke kai kayan.

Wannan kaso kuma ana iya yi masa kwalliya. A 2015 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, tare da dukkan jihohi 50 suka maka ƙungiyar Cancer Fund of America da wasu uku masu alaƙa da ita a kotu, bisa zargin tara dala miliyan 187 tsakanin 2008 da 2012 da sunan masu cutar daji, alhali abin da ya isa ga marasa lafiya ɗan ƙanƙane ne, sauran ya tafi ga kamfanonin kiran waya masu tara kuɗi da albashin dangi da jin daɗin shugabanni. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce kumbura darajar kayan da aka ba su kyauta suka tura ƙasashen waje, ta yadda a takarda za a ga kamar aikin agajinsu ya ninka abin da yake. Ba ƙungiyoyin bala'i ba ne, amma dabarar ta fi sauƙin yi a lokacin bala'i, lokacin da kwantenonin magani da tufafi ke yawo ba mai tsayawa ya ƙidaya. Duk shafin da ya dogara da abin da ƙungiya ta rubuta game da kanta yana cikin haɗarin a ruɗe shi ta wannan hanya, Charity Navigator kuwa ba a keɓe yake ba.

Wani raunin shafin kuma na lokaci ne. Fom 990 ana miƙa shi ne a wata na biyar bayan ƙarewar shekarar kuɗi, ana kuma iya neman ƙarin wata shida, sa'an nan sai hukuma ta sarrafa shi ta fitar. Saboda haka alƙaluman da mutum ke kallo a yau kan zama na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Ƙungiyar da aka kafa jiya saboda bala'in shekaranjiya ba za ta samu maki ba, ko ta gaskiya ce ko ta ƙarya, domin ba ta da tarihin da za a auna. Ƙananan ƙungiyoyin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 50,000 a shekara ba ɗan taƙaitaccen bayani kawai suke aikawa, wuraren ibada kuma doka ba ta tilasta musu miƙa fom ɗin ba sam. Rashin maki, ke nan, ba hujjar rashin gaskiya ba ce. Amma sabuwar ƙungiya da ta ɓullo rana tsaka bayan bala'i, ko da niyyar masu ita tsarkakakkiya ce, da wuya ta san yadda ake fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ko yadda ake raba su ba tare da turmutsutsu ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fifita wadda ta daɗe a fagen.

Haka nan, samun suna a cikin shafin ba shaidar kirki ba ce. A 2022 jaridar New York Times ta ruwaito cewa hukumar IRS ta amince da rajistar ƙungiyoyin bogi 76 da ke amfani da akwatin gidan waya ɗaya a Staten Island, a birnin New York, ɗauke da sunaye masu kama da na sanannun ƙungiyoyi irin su American Cancer Society da United Way, an ɗan ƙara musu sunan wata jiha ko wani gari. Tun 2014 akwai taƙaitaccen fom ɗin rajista da ƙananan ƙungiyoyi ke cikewa ba tare da zurfin bincike ba, kuma duk wadda ta samu shiga kundin hukumar sunanta kan gangaro zuwa shafukan da ke ɗiba daga wannan kundi. Darasin da ke ciki ga mai amfani da Charity Navigator shi ne ya bambance tsakanin ƙungiyar da aka jera sunanta kawai da wadda aka auna, ya kuma duba adireshi da girman kuɗin shiga: reshen babbar ƙungiya da ya bazu a jiha guda ba zai kasance da akwatin gidan waya a wata jihar da kuɗin shiga na 'yan dubbai ba.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta ƙungiyoyin da ba wanda ke shakkar kasancewarsu na gaskiya. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara kusan rabin dala biliyan ɗaya, wani ɓangare ta hanyar saƙon tes da ke cire dala 10 daga mai waya. A 2015 kafafen labarai na ProPublica da NPR suka wallafa binciken da ya ce gidaje na dindindin shida kacal ƙungiyar ta gina da kanta a ƙasar, kuma kuɗi masu yawa sun bi ta hannun wasu ƙungiyoyin da kowace ta cire nata kason gudanarwa. Ƙungiyar ta musanta yadda aka siffanta aikinta, ta ce ta taimaka wa dubban mutane da matsuguni ta wasu hanyoyi kamar biyan kuɗin haya da gyaran gidaje, ta kuma ambaci rikicin mallakar filaye. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, abin lura shi ne babu layi ɗaya a fom 990 da zai warware wannan gardama. Auna aikin agaji da wannan fom kamar auna ƙwarewar direba ne da takardun motarsa: suna tabbatar da cewa motar ba ta sata ba ce, ba sa cewa ya san hanyar. Abin da mai bayarwa zai nema da kansa a shafin ƙungiyar shi ne ko tana da ofis da ma'aikata a ƙasar tun kafin bala'in, ko da kanta za ta yi aikin ko miƙa kuɗin za ta yi ga wata, da kuma ko ta wallafa rahoton abin da ta yi da gudummawar bala'in da ya gabata.

Akwai kuma shawarar da taurari ba za su ba mutum ba, wato ko ya ƙayyade kuɗinsa ga bala'in da ke cikin labarai ko ya bar wa ƙungiyar zaɓi. Kwanaki kaɗan bayan igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disambar 2004, wadda ta hallaka mutane fiye da 200,000 a ƙasashen da ke gaɓar tekun Indiya, ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières ta sanar cewa abin da ta samu ya ishi aikin da za ta iya yi a wurin, ta daina karɓar gudummawar da aka ƙayyade ga tsunamin, ta kuma nemi izinin masu bayarwa ta karkatar da rarar zuwa wasu rikice-rikicen da ba wanda ke kallonsu. An soke ta a lokacin, amma a ganina wannan ita ce alamar riƙon amana da ta fi kowane maki. Kuɗin da aka ɗaure da sunan bala'i ɗaya ba a iya taɓa su don wani, ko da bukatar can ta fi tsanani, kuma bukatar wurin da bala'i ya afka wa kan daɗe shekaru bayan kyamarori sun tafi. Wanda ya amince da ƙungiya har ya ba ta kuɗinsa, ya fi dacewa ya amince da ita ta san inda za ta kai su. Wanda bai amince ba kuwa, sharaɗin da zai gindaya ba zai cece shi ba.

Ga mai karatu da ke wajen Amurka, babbar iyakar shafin ita ce ƙungiyoyin da ke da rajista a Amurka kaɗai ya sani, kuma da Turanci yake. Manyan ƙungiyoyin duniya da yawa suna da rassa masu rajista a can, don haka za a same su, amma makin na reshen ne, ba na uwar ƙungiyar ba, balle ofishinta da ke ƙasar da abin ya faru. Ƙungiyoyin cikin gida kuwa, waɗanda su ne kan fara ciro mutane daga ɓaraguzai kafin jirgin farko na baƙi ya sauka, ba sa cikinsa ko kaɗan. Don duba su sai an koma ga hukumar rajista ta ƙasarsu. Ingila da Wales suna da hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai mai kundi a buɗe, inda ake ganin lambar rajista da rahoton kuɗi da ko an makara wajen miƙa shi, a Birtaniya kuma akwai gamayyar Disasters Emergency Committee, wadda tun 1963 take haɗa manyan ƙungiyoyi su yi kira ɗaya a asusu ɗaya idan babban bala'i ya auku. Shafin GlobalGiving, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Bankin Duniya biyu suka kafa a 2002, yana tantance ƙananan ƙungiyoyi a ƙasashe da dama yana kuma isar musu da kuɗi bayan ya cire kason da ya bayyana, kuma yana cike wani ɓangare na wannan giɓi.

A cikin Amurka ma yana da abokan gogayya da suka cancanci a leƙa. Give.org na BBB Wise Giving Alliance yana auna ƙungiya da ƙa'idoji 20, ciki har da cewa aƙalla kashi 65 cikin 100 na abin da take kashewa ya tafi ga ainihin aiki, ya kuma fi mai da hankali ga ko kalaman neman gudummawar gaskiya ne. CharityWatch, da aka kafa a 1992, ƙungiyoyi 'yan ɗaruruwa kawai yake dubawa, amma ma'aikatansa kan zauna su karanta rahoton binciken kuɗi su gyara alƙaluman da aka kumbura, shi ya sa hukuncinsa kan fi tsauri. Idan za a bayar da kuɗi mai kauri, duba biyu daga cikin ukun ba ɓata lokaci ba ne, musamman inda suka saɓa wa juna.

Shafin yana da kwandon bayarwa da ke ba mutum damar zaɓar ƙungiyoyi da yawa ya biya a lokaci ɗaya, ya kuma ƙayyade yawan bayanansa da za a miƙa musu, har ya iya ɓoye sunansa gaba ɗaya. Wannan na da daɗi ga wanda ba ya son wasiƙun roƙo su yi ta binsa shekara da shekaru. Sai dai kuɗin kan bi ta hannun mai shiga tsakani kafin su isa, don haka wanda gaggawa ce ta dame shi gara ya biya kai tsaye a shafin ƙungiyar. Ko ta ina za a biya, hanyar biyan ma ma'auni ce. Katin banki yana barin sawu, kuma ana iya ƙalubalantar cirar da aka yi da zamba. Katin kyauta na kantuna, tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, da kuɗin kirifto zuwa adireshin da aka gani a saƙo, da zarar sun tafi da wuya su dawo, shi ya sa 'yan damfara suka fi son su. Haka nan wanda ya kira yana matsa lamba a biya yanzu-yanzu, ko yana godiya a kan alkawarin da mutum bai tuna ya yi ba, ya riga ya bayyana kansa. Sauri ya haifi nawa, kuma ƙungiyar gaskiya za ta karɓi gudummawar gobe kamar yadda za ta karɓi ta yau. Ya kamata kuma a duba ko an riga an cike gurbin biya duk wata kafin a tabbatar da biyan.

Inda Charity Navigator ba ya gani ko kaɗan shi ne kafafen sada zumunta da gidauniyoyin da ɗaiɗaikun mutane ke buɗewa, kuma a nan ne zambar zamanin nan ta fi yin sansani. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta yi sanadin mutuwar mutane fiye da 50,000, BBC ta ruwaito yadda wasu suka riƙa yaɗa hotuna da bidiyo a TikTok da Twitter suna neman a tura musu kyaututtukan manhaja ko kuɗin kirifto, har da hoton wani ɗan kwana-kwana rungume da yaro a cikin ɓaraguzai, wanda ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi, aka kuma gane hakan domin hannun mutumin yatsu shida gare shi. Irin wannan kuskure yana raguwa yayin da fasahar ke gogewa, don haka ba a kan ƙirga yatsu za a dogara ba. Shafukan tara gudummawa kamar GoFundMe suna da nasu matakan kariya: a wata shahararriyar zamba ta 2017, inda wasu mutum uku suka ƙirƙiro labarin wani mara gida da ya ba wata mata dalarsa 20 ta ƙarshe ta sayi mai, an tara kimanin dala 400,000, kuma bayan asiri ya tonu kamfanin ya mayar wa masu bayarwa kuɗinsu. Amma sai da aka kwashe kusan shekara kafin gaskiyar ta fito, kuma rigima a kan rabon kuɗin ce ta tona ta. Gidauniyar mutum ɗaya ba ta da EIN, ba ta da kwamitin amintattu, ba ta da fom 990, saboda haka babu abin da za a rubuta a akwatin bincike. Abin da ya rage wa mai bayarwa shi ne ya san wanda ya buɗe ta, ko ya san wanda ya san shi ido da ido, ya tambayi alaƙarsa da waɗanda abin ya shafa da sunan wanda kuɗin za su shiga asusunsa, idan kuma ba a ba shi amsa ba ya kai kuɗinsa ga ƙungiyar da za a iya dubawa.